Geron da ke Bayan Jirgi

Ingila,
6 ga Janairu

Zuwa ga Malam Mika'ilu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da iyali, da mahaifiyarka Inno. Na ji an ce ciwon ƙafa ya sa ta gaba, Allah ya ba ta sauƙi. Ni ma lafiya lau, in ban da sanyin ƙasar nan da har yau ban saba da shi ba.

Ba ka san ni ba. Sunana Halimatu Sa'adiyya, 'yar Alhaji Hamza na Kumbotso, jikar marigayi Malam Usaini. Na san abin da sunan nan yake nufi a gidanku, don haka in ka ajiye takardar daga nan ba zan ga laifinka ba. A wurin 'yarka Raliya na sami lambarka. Ita ta ce min ba ka sauraren saƙon murya, ba ka kuma son rubutun waya, shi ya sa na rubuta da hannu na ɗauki hoto na turo.

Karatu ya kawo ni nan, amma kwana uku a mako ina aiki a wata ma'ajiya ta tsofaffin finafinai. Muna buɗe gwangwanaye, mu goge faifan da ke ciki, mu juye shi a kwamfuta, mu rubuta abin da aka gani. Makon jiya aka miƙo min gwangwanin wani Bature mai ɗaukar hoto da ya je Najeriya lokacin yaƙin basasa. A jikinsa an rubuta Kano, filin jirgi. Minti huɗu ne, baƙi da fari, babu murya. Akwai ƙaramin jirgin yaƙi mai kujera biyu, irin wanda ake kira Delfin. Wani saurayi ya sauko daga ciki, ya cire hular ƙarfe, ya juyo yana dariya.

Malam, sai da na tashi tsaye. Hoton nan da ke ɗakin kakata tun ina yarinya, na ƙanin kakana, Iliyasu sojan sama, fuskar nan ce. Na duba takardar da Baturen ya bari a gwangwanin, ya rubuta: matuƙi ɗan ƙasa, Iliyasu.

Ban gaya wa babana ba tukuna. Na ga kai ya kamata ka fara sani. In ka yarda zan turo maka. Kwanan watan da ke jikin gwangwanin Fabrairu 1968 ne.

Ki gaida Inno, au, ka gaida Inno. 

Halimatu Sa'adiyya

*

Tudun Kaba, ta Bunkure,
15 ga Janairu

Sa'adiyya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Inno tana jin jiki, ƙafar ta kumbura har gwiwa. Alkama ta yi kyau, tumatir kuma tsutsa ta shiga, kullum muna cikin feshi.

Takardarki ta kwana tara ban amsa ba, saboda in na amsa a ranar da zagi zan amsa. Kin yi ladabi, kin yi gaisuwa, sannan a ƙasa kika ajiye min Fabrairu 1968. Wa ya aiko ki? Ko gidanku ba su gaji ba ne, sai an ɗauko shaida daga Ingila?

Ban san yadda aka ba ki labarin ba, to ga yadda yake. A ƙarshen watan Fabrairun nan wani soja ya dawo daga kudu ya ce da idonsa ya ga jirgin Iliyasu ya faɗi. Aka yi zaman makoki, Inno ta yi takaba, tana da shekara goma sha takwas. Da ta fita ta tafi wurin gwaggonta a Kurna, cikin Kano, ta huta. Ni kuma aka haife ni a watan Mayu na 1969. Ki ƙirga da yatsunki, wata goma sha biyar ne. Duk garin nan sun ƙirga, har waɗanda ba su iya lissafi ba.

Inno ta ce bai mutu a faɗuwar nan ba. Ta ce cikin damina ya yi sallama a gidan gwaggonta da ɗingishi, ya yi kwana biyu, ya ce in ya dawo daga tafiya ta gaba zai zo gida ya nuna kansa. Bai dawo ba. Bayan yaƙi takarda ta zo cewa ya ɓace, ba rana ba wata. Shaidarta ɗaya, gwaggon, ita kuma aka ce ai dole ta rufa wa 'yarta asiri.

Liman na lokacin mutumin kirki ne. Ya kira ta ya ce, Turai, ki ce kwantacce ne. Ki ce cikin tun kafin rasuwar aka same shi, ya kwanta, ya tashi daga baya. Shari'a ta yarda da wannan, kowa zai yi shiru. Kin san abin da ta ce masa? Ta ce, "Malam, cikina bai kwanta ba. Mijina ne ya dawo." Kakanki da ke zaune a wurin ya tashi ya kaɗe rigarsa. Ranar sunana bai zo ba, bai aiko ba, kawuna ne ya yanka rago. A makaranta da aka tambayi sunan uba, sunan gari aka rubuta min, kuma da shi nake amsawa har yau.

Kada ki zaci abin ya wuce. Bara mutanen Garun Malam suka zo neman auren Raliya, suka yi bincike, ba mu sake ganin ƙeyarsu ba.

To me fim ɗin Fabrairu zai ƙara min? Kowa ya san a Fabrairu yana da rai. Amma ki turo. Ban taɓa ganin fuskarsa ba, ko hoton ɗakin kakarki ba a taɓa nuna min ba.

Mika'ilu Tudun Kaba

*

Ingila,
16 ga Janairu

Malam,

Assalamu alaikum. Allah ya ƙara wa Inno sauƙi. Wallahi ba wanda ya aiko ni. Na rubuta watan ne don abin da ke jikin gwangwani ke nan, ban san nauyinsa ba. A gidanmu ba a ba da labarin, ana dai yin shiru in an ambaci Tudun Kaba. Jiya na karanta takardarka a cikin bas, na wuce tashar da zan sauka.

Ga fim ɗin nan na turo. Ka sa ido daga minti na biyu, bayan motar mai ta tsaya a gaban hancin jirgin. Motar ce ta kare lambar jirgin, da mun bi ta lambar mun gano komai. Zai sauko, ya gaisa da mutum uku, wani ya miƙa masa kofi.

Na kira babana daren jiya na gaya masa. Ya ce a bar matattu su huta. Maganarsa ce, ba tawa ba.

Sa'adiyya

*

Tudun Kaba,
24 ga Janairu

Sa'adiyya,

Wa alaikumus salam. Muna nan da godiyar Allah. Inno ba ta iya taka ƙafar yanzu, sai an riƙe ta. An saki ruwa a kanal jiya bayan kwana shida, mun wuni ban ruwa, bayana kamar ba nawa ba.

Na kalla. Ban san sau nawa ba, har wayar ta yi zafi. A bakin gona nake zama in kalla don kada a gan ni a gida.

Ba shi ba ne.

Na bi ta bayan gida na tambayi Inno, kamar hira, na ce wai shin billensa a wane kumatu yake? Ta dube ni da mamaki, don ban taɓa tambayarta komai a kansa ba tun ina saurayi. Ta ɗora yatsa a kumatunta na hagu. Mutumin fim ɗinki billensa a dama yake.

Wannan ɗaya. Na biyu, ki duba yadda yake gaisawa. Da hagu yake miƙa hannu! Kofin ma da hagu ya karɓa, ya kafa kai ya sha. Ɗan gidan malamai, wanda ubansa ke da makarantar allo a garin nan, zai miƙa wa mutane hagu a gaban jama'a? Ko soja ya zama, ba a cire wa mutum wannan. Wani Iliyasun ne, Iliyasu ai ba ɗaya ba ne a duniya.

Ki gaya wa babanki ya kwantar da hankalinsa, matattu suna hutawa. Masu rai ne ba sa hutawa. Kin sa na yi kwana takwas ina kallon fuskar wani ƙato ina neman hancina a jikinta, har na fara gani. Ban ji daɗin wannan ba, kuma ban san wa zan ji wa haushi ba, ke ko kaina.

Ban nuna wa Inno ba, ba kuma zan nuna mata ba.

Mika'ilu Tudun Kaba

*

Ingila,
27 ga Janairu

Malam,

Assalamu alaikum. Ina fata jikin Inno da sauƙi. Don Allah kada ka goge fim ɗin. Ka sake buɗewa, amma wannan karon kada ka kalle shi, ka kalli sauran mutanen.

Dukkansu da hagu suke gaisawa. Su ukun. Sojan da ya sara masa ma da hagu ya sara.

Ni ban lura ba sai da ka faɗa. Na kai wa wani dattijo da muke aiki tare, tsohon makanikin jirage ne, duk wani jirgi da ya fito a fim shi ake kira ya faɗi sunansa. Ko minti ɗaya bai yi ba ya fashe da dariya. Ya ce murfin gilashin da ke kan matuƙin Delfin dama yake buɗewa, a nan kuwa ga shi ya buɗe hagu. Ya ce ba a taɓa ƙera irin wannan ba. Faifan ne aka ɗora a baibai tun lokacin da aka kwafe shi, komai ya juya kamar a madubi. Da lambar jirgin ta fito da tuni mun gane.

Na juya shi daidai, ga shi na turo. Da dama yake gaisawa, Malam. Billen yana hagu.

Na so in tsaya a nan, amma ba zan ɓoye maka ba: shi ne, amma watan bai canza ba. Dattijon ya nuna min wani babban jirgi mai inji biyu can baya, na jefa bam. Ya ce a littattafansa irin wannan bai iso Najeriya ba sai da 1968 ta kama. Baturen kuma a farkon shekarar ya je, ya baro kafin ta ƙare. Duk wannan ya dace da Fabrairun da ke jikin gwangwani.

Abu ɗaya ne ya tsaya wa dattijon a rai. A bayan waya ta filin jirgin akwai shuka a tsaye, doguwa, iska na kaɗa ta, har iyakar gani. Ya tambaye ni, a ƙasarku ana samun wannan a Fabrairu? Na ce ina jin ana samu, don na tuna muna yara in mun wuce Kadawa da rani ko'ina kore shar. Amma ni 'yar birni ce, ban san gero daga dawa ba. Kai manomi ne. Ka duba mana.

Sa'adiyya

*

Asibiti, Kura,
5 ga Fabrairu

Sa'adiyya,

Wa alaikumus salam. Muna asibiti kwana huɗu ke nan. Ba ƙafar ce kaɗai ba, sun ce zuciya ce take tara mata ruwa. Ba ta cin komai sai kunu cokali biyu.

Na ga wanda kika juya. Na yarda shi ne. Goshin Raliya ne sak, har yadda yake karkata kai in zai yi dariya. Na gode, ko ba komai na ga ubana yana tafiya da ƙafarsa.

Maganar shuka kuwa, ki ce wa dattijonki ya tsaya a kan jiragensa. Masara ce. Yanzu haka da nake rubutun nan Fabrairu muke, in na leƙa ta taga masarar mutane ta fi ni tsawo, tawa ma ta yi goyo. Tun da na buɗe ido haka na ga ƙasar nan, rani da damina duk ɗaya ne a wurinmu. Shuka a Fabrairu ba ta nuna komai.

Ki rubuta abin da za ki rubuta a littafinku ki rufe gwangwanin. Mun koma inda muka fara: yana da rai a Fabrairu, an haife ni bayan wata goma sha biyar. Ba zan tayar wa tsohuwa da mikin da ya fi shekara hamsin ba tana kan gadon asibiti, in nuna mata mijinta sannan in ce mata bai wanke ta ba.

Kada ki sake rubuto min a kan wannan.

Mika'ilu Tudun Kaba

*

Ingila,
14 ga Fabrairu

Malam,

Assalamu alaikum. Na ji maganarka, ba kan fim na rubuto ba. Kwana tara ban ji komai ba. Na kira Raliya sau uku ba ta ɗauka ba. Don girman Allah ko kalma ɗaya ce ka turo, in san halin da Inno take ciki.

Gobe ake mayar da gwangwanin ɗakin ajiya. Na rubuta Fabrairu kamar yadda ka ce.

Sa'adiyya

*

Asibiti, Kura,
14 ga Fabrairu

Sa'adiyya,

Kada ki bari a mayar da shi! Ki riƙe gwangwanin nan ko da faɗa ne.

Ki yi haƙuri, ko sallama ban yi ba. Assalamu alaikum. Inno tana da rai. Ta sha wuya ranar Talata har muka kira 'yan uwa, amma ta farfaɗo.

Yau da hantsi ina zaune a gefen gadonta, na zaci barci take, na ciro waya ina kallonsa. Sai na ji ta ce, "Kai, me kake kallo kullum kana ɓoyewa?" Kin san ni ɗan fari ne, ba ta faɗin sunana. Na ce labarai ne. Ta ce, "Labarai ne suke sa ka share ido?" Ta miƙo hannu.

Na ba ta. Na riƙe mata wayar dab da fuska don idon ya yi rauni. Da ya cire hular ba ta yi kuka ba, ba ta yi salati ba. Cewa ta yi, "Ya rame." Can da ya tako ta ce, "Ka ga ɗingishin." Ni wallahi na zaci nauyin kayan jikinsa ne.

Dole na gaya mata gaskiya. Na ce, Inno, an rubuta cewa da sanyi aka ɗauka, kafin labarin faɗuwar.

Ta ce, "Da sanyi? To mene ne wancan a bayansa?"

Na ce masara ce.

"Masara da rani?"

Na ce, Inno, leƙa taga mana, ga ta nan ko'ina.

Sa'adiyya, da kin ga kallon da ta yi min. Ta ce, "Da wane ruwan? Kai kana da shekara biyar aka tare ruwa a dam ɗin Tiga. A bayana kake lokacin da ko maganar kanal ba a fara ba. Da rani a lokacin nan in ka tsaya a Kurna har filin jirgi kana hango ƙasa fetal, ko kara babu, awaki sun cinye. Sai 'yan lambu a bakin rafi masu ɗiban ruwa da jigo, su shayar da albasa kwana biyu su gaji. Wa zai ɗebi ruwa da jigo ya shayar da gona har iyakar gani?" Ta sa na ƙara girman hoton. Ta ce, "Kuma wannan ba masara ba ce, manomin banza. Gero ne, ga shi ya fitar da kai. Wa ya taɓa ganin gero da kai in ba tsakiyar damina ba?"

Na duba. Gero ne. Shekara talatin ina noma, na kalli gero na kira shi masara, saboda an ce min Fabrairu, ni kuma masara na saba gani a Fabrairu.

Yanzu ki haɗa da abin da dattijonki ya faɗa. Babban jirgin bai zo ba sai 1968, ke nan ba daminar 1967 ba ce. Baturen ya tafi kafin shekarar ta ƙare, ke nan ba ta 1969 ba ce. Damina ɗaya ta rage. Ki duba min, ki sake dubawa. Ina tsoron in yarda.

Mika'ilu

*

Ingila,
17 ga Fabrairu

Baba Mika'ilu,

Assalamu alaikum. Allah ya ƙara wa Inno lafiya da nisan kwana. Ka yarda.

Mun ciro faifan kansa, ni da dattijon, muka bi shi a hannu a ƙarƙashin fitila. Ba guda ɗaya ba ne, biyu ne aka liƙe. Na farko, inda ake sauke akwatuna, ƙasa a bushe take, sojoji sun sa rigunan sanyi. Wannan ne na Fabrairu, shi aka rubuta a gwangwani. Daga wurin liƙin komai ya canza. Akwai hadari a sama, akwai ruwa kwance a ƙarƙashin motar mai, tayoyin jirgin suna barin sawu a jiƙe. Mun kalla sau ashirin a da, ba wanda ya kalli ƙasa, kowa jirgi da fuska yake kallo. Dattijon ya cire tabarau ya ce a gaya wa matar nan ta fi shi iya aikinsa.

Na goge Fabrairu. Na rubuta: daminar 1968, an gane daga gero, bisa shaidar Malama Turai ta Tudun Kaba, matar matuƙin. Haka zai zauna a littafin ma'ajiyar.

Na tura wa babana komai. Da ya gani ya kira ni. Abin da ya ce kawai shi ne, wane asibiti ne? Ban san abin da zai yi ba, ban kuma yi maka alkawarin komai ba. Mutum ne da bai taɓa jin an ce ubansa ya yi kuskure ba.

Na kira ka Baba a sama. In bai yi maka ba ka faɗa min.

'Yarka,
Sa'adiyya

*

Tudun Kaba,
23 ga Fabrairu

'Yata Sa'adiyya,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. An sallame mu ranar Alhamis. Ba warkewa ta yi ba, likita ya ja ni gefe ya ce a kai ta gida a kula da ita, na kuma gane abin da yake nufi. Amma tana magana, tana shan kunu, jiya har ta yi wa Raliya faɗa kan gishiri.

Babanki ya zo ranar Juma'a bayan masallaci. Ya tsaya a ƙofar gida ya yi sallama sau uku, kamar baƙo, ni kuma na bar shi ya cika ukun. Allah ya yafe min. Da ya shiga ɗakin Inno ya cire takalmi ya durƙusa, da furfurarsa da babbar rigarsa. Ya ce, "Inno, mun zalunce ki." Ya ce zai sa liman ya tara mutane a nuna musu fim ɗin a ƙofar masallaci.

Ta ce a'a. Ta ce, "Shekara hamsin da biyar ina faɗa da bakina ba su yarda ba. Yanzu sai gero ya faɗa? Wanda yake son gani ya tako nan ya gaishe ni, ya gani." Ta ce ta yafe wa Malam Usaini, ya je da abin da ya sani. Abu ɗaya ta nema, hoton da ke ɗakin kakarki. Jiya direbansa ya kawo, yana rataye inda take iya gani daga gado. Tun safe mutane suke shigowa da ɗai-ɗai, wai dubiya.

Akwai abin da ban gaya miki ba, kuma ke ya kamata ki ji, don ke kika sha zafin bakina. Lokacin da na ce miki bille ba daidai ba, na ce hagu, na ce masara, ba don ina da wayo ba ne. Duk ƙofar da kika buɗe ina saurin rufewa. Ni ma ban yarda da ita ba, Sa'adiyya. Tun ina shekara goma sha uku da wani ya ƙirga min watannin a bakin kanal, ban sake yarda ba. Na ciyar da ita, na yi mata biyayya, ban taɓa ɗaga mata murya ba, amma a raina ina cewa yarinya ce lokacin, ta yi kuskure, ta rufe da labari. Har ina ganin kirki ne na yi da na yafe mata.

Bayan babanki ya tafi na zauna a ƙasa a gaban gadon na gaya mata haka, ban rage komai ba. Na ce ta gafarta min.

Ta ce, "Ai na sani. Ranar da ka daina tambayata kamanninsa na sani."

Na kasa ɗaga kai. Ta ɗora hannu a kaina, abin da ba ta yi ba tun ina yaro. Ta ce, "Sauran ban damu da su ba. Kai nake jira." Sannan ta ce in kunna mata wurin da yake dariya.

In kin dawo hutu ki zo Tudun Kaba kafin ki je ko'ina. Kada ki daɗe, ina roƙonki. Tana so ta ga yarinyar da ta buɗe gwangwani.

Babanki,
Mika'ilu Iliyasu